Ranar da gari ya yi almuru da hantsi: husufin 2006

Yau za mu koma ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006. Wasu daga cikinku a lokacin ana goye da ku, wasu ma ba a haife ku ba. To ku gyara zama.

Ku tuna yanayin tukuna. Ƙarshen Maris ne, bazara ta kankama. A wajenmu Ɗambatta lokacin sharar gona ne, jakuna na ta jigilar taki. Kwana biyu kenan da gama ƙidayar jama'a ta zamanin Obasanjo. Sai rediyo ya shiga nanata sanarwa: ranar Laraba da hantsi za a yi husufin rana, kowa ya kwantar da hankalinsa, kuma kada a kalle ta da ido tsirara.

Akwai dalilin wannan nanatawa. A watan Janairun 2001 an yi husufin wata, sai wasu matasa a Maiduguri suka ce zunubin mutanen gari ne ya jawo, suka far wa otal-otal da wuraren shan giya da ƙone-ƙone. Hukuma ba ta manta ba. Idan na wata ya jawo haka da dare, ina ga rana ta ɓace da tsakar hantsi? Shi ya sa malamai da limamai ma suka shiga aikin faɗakarwa.

Hanyar da inuwar ta bi kuwa abin sha'awa ce. Ta taso daga gabashin Barazil da fitowar rana, ta haye tekun Atilantika, ta sauka a gaɓar Ghana. Mutanen Akara sun samu kusan minti uku na cikakken duhu. Rabon su da irin haka tun 1947. Amma Lome, babban birnin Togo, da ke nan kusa a bakin tekun, inuwar ta goge ta gefensa ta wuce. Legas ma haka: wata ya rufe kusan kashi 97 cikin 100 na faɗin rana, amma gari bai yi duhu ba. Wanda ya tsaya bakin ruwa a Legas ya ga rana ta koma kamar lauje, haske ya yi laushi, shi kenan. Ɗan siririn nan da ya rage ya isa ya haska birni guda. Wato a harkar husufi, 97 da 100 ba maƙwabta ba ne.

Da misalin ƙarfe 10:20 inuwar ta shigo Najeriya ta wajen Shaki a Jihar Oyo, ta miƙe arewa maso gabas, ta bi ta kan Gusau da Katsina, cikin kamar minti 16 ta tsallaka Nijar, daga nan Chadi, Libiya, Masar, Turkiyya. Faɗinta bai kai kilomita 190 ba. Katsinawa sun sha duhu na sama da minti uku. Birnin Kano kuwa yana waje, nasa rabon irin na Legas ne. Mu a Ɗambatta, da muke kan hanyar Kazaure da Daura, muna dab da gefen inuwar.

Ni abin da na fi tunawa ba saman ba ne, ƙasa ce. Muna zaune gindin darbejiya a ƙofar gida, sai wani yayana ya ce, "Kai, ku dubi ƙasa!" Ɗigon hasken nan da ke ratsowa ta ganye duk ya koma 'yan jinjirin wata, ɗaruruwa, a kan rairayi. Zafi ya karye, wata iska mai sanyi ta taso. Hasken ya yi wani iri, ba na safiya ba, ba na yamma ba, kamar an zuba wa duniya toka. Kaji suka nufi akurki. Kakarmu tana daga zaure tana ta salati tana kiran mu, "Ku shigo, 'yan nema, ku shigo!" Wa zai shiga?

A nan ne fa aka yi ganganci. Gilashin kallon husufi na gaskiya bai iso karkara ba. Wani ya zuba ruwa a kwano yana leƙawa, wani ya turara fasasshiyar kwalba da hayaƙin aci-bal-bal, wani ya sa baƙin tabarau. Wallahi duk ba kariya ba ce. Kuma abin da mutane ba su gane ba, husufin da bai cika ba shi ya fi cin ido. Ranar yau da kullum ba ta barin ka kalle ta, da kanka za ka runtse. Amma idan ta dusashe sai ka ji za ka iya, ka ƙura mata ido, alhali ragowar na ƙona can cikin idon, inda babu jijiyar jin zafi. Sai daga baya mutum ya ga wani tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Mu da muka tsaya kallon ƙasa, ashe mu muka yi dabara ba mu sani ba.

Tsoron husufi tsoho ne a ƙasar nan. Kakanninmu na cewa rana ce ta kama wata, ko wata na zazzaɓi, yara su fito da gwangwanaye da ƙwarya suna kaɗawa don a saki wanda aka kama. Baturen Ingilan nan Richard Lander da ƙaninsa John sun tarar da irin wannan a Busa, ƙasar Borgu, daren 2 ga Satumba, 1830: wata ya yi duhu, gari ya ɗauki ganguna da ihu, ana cewa rana ce ke jan wata. Tsohon garin Busa yanzu yana ƙarƙashin ruwan Kainji, amma al'adar kam ta kai har zamanin iyayenmu.

Musulunci kuwa tun farko ya raba gardama. An yi husufin rana ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a Madina, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Sai ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan an gani a yi salla da addu'a. Raka'a biyu ce, kowace da ruku'u biyu. Ita aka yi a masallatai da dama ranar Larabar nan, aka watse lafiya. Ku lura ma, ranar ta faɗo a ƙarshen watan Safar. Dole ne, domin husufin rana ba ya yiwuwa sai wata ya shiga tsakaninmu da rana, wato ƙarshen watan Musulunci.

To yaushe kuma? Ranar 2 ga Agusta, 2027, cikakkiyar inuwa za ta ratsa Masar, ta bi ta kan Jidda da Makka, mu nan Arewa mu ga wani sashe. Sai 20 ga Maris, 2034, lokacin da za ta dawo Najeriya, amma a juye: wannan karon Legas ce za ta shiga duhu, mu kuma mu koma gindin darbejiya muna kallon lauje a ƙasa. Mai niyyar ganin cikakke ya fara tara kuɗin mota, ya kuma nemi gilashin tun da wuri.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.