Daga Kalangu Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Shaharar Ɗan Dambe

Dambe wasa ne na gwada ƙarfi da jarunta tsakanin mutum biyu, wanda ake yi da hannu ɗaya da aka naɗe da ƙyalle aka ɗaure da zare, ɗaya hannun kuma a miƙa shi gaba don tare naushi, kuma ana cewa an yi kisa idan aka buge ɗan wasa har hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ƙa'idojin wasan ba su sauya sosai ba a tsawon zamanin da aka san shi, amma hanyar da sunan ɗan dambe yake bi ya isa kunnen wanda bai taɓa ganinsa ba ta sauya sau da dama. Tarihin wannan hanya yana nuna cewa ƙarfin damtse kaɗai bai taɓa isa ya ɗaukaka mutum ba, domin a kowane zamani akwai mai ɗaukar sunan ya kai shi nesa, kuma shi ne yake zaɓar wanda za a tuna da wanda za a manta.

An fi danganta asalin dambe da mahauta, waɗanda a ƙasar Sakkwato da Zamfara ake kira rundawa. Su ne suke fita da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, suna bin garuruwa da kasuwanni inda ake bukukuwa da yanka, su sauka a hannun Sarkin Pawa, da yamma kuma samarinsu su sa zare da samarin garin da suka tarar. Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da aka rubuta a kan wasan shi ne na matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, wanda ya sauka a Kano a shekarar 1824. Ya bayyana cewa labarin 'yan damben Hausa ya riga ya iso masa tun kafin ya gan su, shi ya sa ya nemi a shirya masa wasa, kuma mahauta ne suka amsa kiran, jama'a suka bar harkokinsu suka yi dafifi wurin kallo. Abin lura a wannan bayani shi ne cewa tun a wancan lokaci labari yana riga ɗan dambe isa wuri, ta bakin fatake da 'yan kasuwa da makaɗa.

Makaɗi shi ne ginshiƙin wannan tsari na farko. Kalangu, wato gangar da ake ratayawa a hammata ana matsa tsarkiyarta don sauya amo, shi ne kayan kiɗan mahauta, kuma da shi ake yi wa kowane ɗan dambe take, wato wani kiɗa na musamman da ake gane shi da shi ko ba a ambaci sunansa ba. Idan aka kaɗa take, mai shi yakan zabura ya shigo fage yana tsuma, ya ɗaga hannu ya yi kirari, inda zai lissafa garuruwan da ya yi wasa da mazan da ya kashe, sannan masoya su fito su yi masa kari, wato kyautar kuɗi ko riga, shi kuma ya juya ya ba makaɗinsa rabo. Ta haka dangantakar ta zama ta cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: ɗan dambe yana bukatar wanda zai ajiye masa tarihin nasarorinsa, makaɗi kuma yana bukatar gwarzon da ambatonsa zai tara masa jama'a. Sai dai wannan ajiya tana da zaɓi, domin waƙa takan riƙe ranar da gwani ya yi kisa, ta kau da kai daga ranar da aka kashe shi, in ma ta ambace ta to sai ta nemo masa uzuri.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar na Muhammadu Bawa Ɗan'anace, makaɗin ƙasar Sakkwato, da ɗan dambensa Shago. A zamanin Shago akwai maza da yawa da suka yi fice, cikinsu har da Ɗandunawa, wanda har yau ake ambaton karawarsa da Shago, amma sunan Shago ne ya zama ma'aunin jarunta a bakin Hausawa, har ya kai ga mutanen da ba su taɓa taka gidan dambe ba sun san shi. Dalili kuwa shi ne waƙar da Ɗan'anace ya yi masa ta wuce yabon naushi, ta shiga maganar mutuwa da ƙaddara da ƙarewar duniya, ta yadda malami da ɗan kasuwa da tsohuwa a cikin gida kowa ya sami abin ɗauka. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun sanya Ɗan'anace cikin manyan makaɗan maza, wato masu yi wa 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri kiɗa, kuma ta hanyar nazarin waƙoƙinsa sunan Shago ya shiga azuzuwan jami'a.

Ban da kiɗa, 'yan dambe suna da wata dabara ta raya suna, wato yadda suke laƙaba wa kansu sunan ubangida. Yaron da ya tashi a hannun wani gwani akan kira shi shagon wane, ko autan wane, ko garkuwan wane, mai bugu da hagu kuma bahagon wane, don haka duk lokacin da aka kira yaron a fage an ambaci maigidansa, ko da ya daɗe da ajiye zare. Haka kuma an kasa 'yan wasa zuwa ɓangarori, waɗanda suka fi shahara su ne Kudu da Arewa da Jamus da Guramada, kuma ɗan kallo yakan riƙe ɓangarensa shekara da shekaru, ya gaji gabarsa da abotarsa, ya kare 'yan wasansa a duk inda gardama ta tashi.

Zuwan rediyo ne ya fara raba suna da fage. An buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talbijin nata a Kaduna a 1962, wanda daga baya, a 1978, rediyonsa ya koma ƙarƙashin hukumar rediyon tarayya. Rediyon Kaduna, da yake ana kama shi a gajeren zango har ƙasashen maƙwabta, ya ɗauki muryoyin makaɗan gargajiya ya ajiye, yana maimaita su a shirye-shiryen zaɓe da gaishe-gaishe, daga bisani kaset ya zo ya sa kowane direba da mai shayi ya mallaki waƙar da yake so. Wannan ya faɗaɗa shaharar 'yan dambe fiye da yadda ƙafar makaɗi za ta iya kaiwa, amma kuma ya taƙaita ta ga 'yan ƙalilan, domin wanda makaɗinsa bai sami shiga ɗakin ɗaukar murya ba sunansa ya tsaya a ƙauyukan da ya yi wasa. A daidai wannan zamani jaridun Ingilishi na Legas sun fi karkata ga damben zamani, musamman bayan Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, Dick Tiger kuma a 1962, saboda haka damben gargajiya ya ci gaba da rayuwa a kunne fiye da a takarda.

Gombe tana cikin garuruwan da suka karɓi wannan shahara ta hanyar ji. Masarauta ce da Buba Yero ya kafa a zamanin jihadi, aka mayar da hedikwatarta mazauninta na yanzu a 1919, sannan cinikin auduga da isowar jirgin ƙasa a 1963 suka jawo mata 'yan kasuwa da mahauta da 'yan ƙwadago daga Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda suka zo da al'adunsu, Hausa kuma ta ƙara kafuwa a matsayin harshen kasuwa da titi. Bayan da garin ya zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996, unguwanni irin su Federal Low-Cost, wadda ta samo sunanta daga shirin gwamnatin tarayya na gina gidaje masu sauƙin kuɗi, sun cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban. Mazauna irin wannan unguwa ba 'ya'yan mahauta ba ne galibinsu, kuma ba su gaji fage ba, amma dattawansu sun haddace sunayen mazan jiya daga rediyo da kaset, suna iya musu a kan karawar da aka yi kafin a haifi wasunsu.

A nasa ɓangaren, wasan ya bar jiran kaka ya koma sana'ar kullum a birane, inda aka killace gidajen dambe ana karɓar kuɗin shiga, kamar na dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano da na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja. An tsayar da wasa a kan turmi uku, wato zagaye uku, in babu kisa alƙali ya raba, aka kuma shigo da gasar da ake sa babur ko mota, wadda ake kira damben mota. Sashen Hausa na BBC ya riƙa kawo sakamakon wasannin Dei-Dei da sunayen waɗanda suka kara, abin da ya ba dambe irin rahoton da ƙwallon ƙafa ke samu. A Nijar kuwa gwamnati ce ta ɗauki nauyin kokawa tun daga 1975, lokacin da aka fara gasar takobi ta ƙasa, rediyo da talbijin na gwamnati suna watsa ta kai tsaye, wanda ya sa ɗan kokawa irin Issaka Issaka na Dosso ya zama sananne a kowane gida. Damben Nijeriya bai sami irin wannan gata daga hukuma ba, don haka ya jira zuwan wayar hannu.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, kuma da aka sami masu ɗaukar hoto da intanet mai araha sai bidiyon dambe ya fara yawo daga waya zuwa waya. A 2017 aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, wadda ta kai wasan ga miliyoyin masu kallo a ƙasashen da ba a jin Hausa, sannan kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu ya shigo da tsarin kwangila da likitoci da masu ɗaukar nauyi. Sunaye irin su Dogo Mai Takwasara da Ali Ƙanin Bello da Ebola sun zama sanannu ga matasan da ba su san inda gidan dambe yake ba. A majalisun Federal Low-Cost bayan sallar isha'i, a kan benci kusa da mai shayi, ana iya ganin samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya, mai wayar yana mayar da bidiyon baya da babban yatsa, yana tsayar da shi daidai inda gwiwa ta kusa taɓa ƙasa, ana gardama ko kisa ne ko santsi, kafin hira ta koma kan Arsenal da Barcelona ko wasan Gombe United a filin Pantami.

Wannan zamani ya kawo sauyi biyu masu muhimmanci. Na farko, bidiyo ba ya rufa wa kowa asiri, domin faɗuwar gwani tana nan ajiye kamar nasararsa, kuma sau da yawa ita ta fi saurin yaɗuwa, don haka da wuya a sake samun ɗan damben da za a ɗauka ba a taɓa kashe shi ba. Na biyu, abin da ke jan masu kallo shi ne kisa na daƙiƙa kaɗan, wanda ya sa mai dabara da haƙuri, da yakan cinye turmi uku ba a taɓa shi ba, yake samun ƙarancin ambato a kan mai kai farmaki ko da yana yawan faɗuwa. Daga nan ne ƙorafin da ake yawan ji a bakin masoya ya taso, cewa masu kyamara suna fifita wasu 'yan wasa ko wani ɓangare, kuma kuɗin da bidiyo yake tarawa ba ya komawa yadda ya kamata ga wanda ya zubar da jini a fage.

Ƙorafin ba sabo ba ne, domin makaɗi ma yana da wanda yake so, mai shirin rediyo ma yana da faifan da ya fi sakawa. Bambancin shi ne makaɗi yana cin abinci ne daga hannun ɗan dambe da masoyansa, yana tafiya tare da shi, yana kuma da dalilin raya sunansa bayan ya tsufa, alhali mai tashar intanet yana samun kuɗinsa ne daga yawan masu kallo, kuma babu abin da ya ɗaure shi da ɗan wasan da ya daina jan jama'a. Saboda haka 'yan damben yau sun fi na jiya yawan masu sanin fuskarsu nesa ba kusa ba, amma ɗorewar sunansu bayan sun ajiye zare ta dogara ne ga ko ƙungiyoyinsu da masu gidajen dambe za su ɗauki aikin da makaɗi yake yi a da, na ajiye tarihin kowane ɗan wasa da tabbatar masa da rabonsa daga abin da sunansa ya jawo.