Daga Ciwon Dajin Kaza Zuwa Maganin Bugun Zuciya

A shekarar 1911 Peyton Rous, likita a cibiyar bincike ta Rockefeller da ke Amurka, ya nuna cewa akwai ƙwayar bairus mai haddasa ciwon daji a jikin kaza. Masanan zamaninsa da dama sun yi watsi da maganar, sai a 1966 aka ba shi kyautar Nobel.

A wancan zamani, kan daskararren ruwan jini ake renon ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike. A 1925 Albert Fischer, ɗan ƙasar Denmak, ya lura cewa ƙwayoyin dajin kaza suna narkar da wannan shimfiɗa har ta koma ruwa, lafiyayyu kuwa ba su cika taɓa ta ba. An ga abin, amma sirrinsa ya kusan shekara 50 a lulluɓe.

A 1973 Edward Reich da abokan aikinsa, su ma a Rockefeller, suka warware ƙullin. Ƙwayar da bairus ya juya takan fitar da wani sinadari da yawa, shi kuma ya tayar da filasminojin, furotin da ke kwance cikin jini. Da zarar ya tashi sai ya zama filasmin, mai yanka zaren da ke riƙe gudan jini. Wato ƙwayar daji ba da wuƙarta kaɗai take yanka ba, ta jiki take ara.

Masana suka ɗauka an gano yadda daji ke huda nama ya bazu, saura a dakushe wuƙar. Sai dai magungunan da aka haɗa don toshe wasu masu yanka furotin, irin su marimastat, ba su cika burin ba da aka gwada su kan majinyata.

Ribar ta ɓullo ta wata ƙofa. Wajajen 1980 Désiré Collen, a jami'ar Leuven ta Beljiyam, ya tace tPA, ɗaya daga masu tayar da filasminojin, daga ƙwayoyin dajin fatar mutum. Kamfanin Genentech ya ƙera shi, Amurka ta amince da shi don narkar da gudan jini a bugun zuciya a 1987, sannan a shanyewar ɓarin jiki a 1996.

Don haka, mai karatu, in ka ji ana tambayar amfanin binciken da bai warkar da kowa ba tukuna, tuna da shimfiɗar da ta narke a hannun Fischer.