Malam Jibrilu da Wuridin Shehu

Ya kai mai karatu, ko ka san malamin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo a ƙasarmu yake kwance? Sunansa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Kabarinsa yana nan ƙasar Madawa.

An haifi Shehu a Maratta cikin shekarar 1754. Yana saurayi ya zo wurin Malam Jibrilu neman ilimi, ya bi shi har Agadas. Malam ya wuce Makka. Shehu ya komo gida, don bai sami izinin mahaifinsa ba.

Ba karatu kaɗai ya samu ba. Malam Jibrilu ya ba shi izinin ɗariƙar Ƙadiriyya, ta Shehu Abdulƙadiri na Bagadaza. Shehu ya riƙe wuridi da zikiri, suka ƙarfafa masa zuciya. Da Yunfa Sarkin Gobir ya matsa masa, bai karaya ba. Ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, jama'a suka bi shi.

Kai ma, in fari ko rashi ya kashe maka jiki, ka tuna. Zuciya kamar gona take, sai da ruwa take tsiro. Ambaton Allah shi ne ruwanta.