Daga Shanun Dutsen Habude Zuwa Alƙawarin 2060: Tarihin Nama da Ɗumamar Yanayi

Idan hanya ta taɓa kai ka Birnin Kudu, wataƙila ka ji labarin zanen da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Mutanen da suka yi shi sun zana shanu, amma duba da kyau: ba su da tozo. Wato tun kafin irin shanun da muka sani yau su mamaye ƙasar nan, ana kiwo a wannan yanki. To, me ya haɗa wannan tsohuwar sana'a da taron shugabannin duniya kan yanayi?

A da, fawa sana'ar gari ce. Sarkin Pawa ke lura da mahauta, a yanka daidai abin da kasuwa za ta cinye, a shanya kilishi a rana don ya daɗe. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai lissafi ya sauya: shanu suka riƙa tafiya Kudu, fata da ƙirgi kuma Turai. Yau tirela ce ke kwasar dabbobi daga kasuwanni irin na Sara a Gwaram.

Ina hayaƙin yake? Za ka ce ai ga shi nan a tukubar mai tsire, ko a kwata inda wasu ke babbaka ganda da tsohuwar taya. Gaskiya ne, kuma hayaƙin taya guba ne ga huhu. Sai dai babban kason ba ya ganuwa. A tumbin saniya akwai ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, suna samar da iskar metan, ita kuma ta fitar da yawancinta ta gyatsa. Cikin shekara 20, metan na riƙe zafi kusan ninki 80 na iskar kabon. A 2013, Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kiwo ke da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya.

Daga nan alƙawura suka fara zuba. A 2015 aka ƙulla Yarjejeniyar Faris. A Nuwamba 2021, a taron Gilasgo, Shugaba Buhari ya ce nan da 2060 Najeriya ba za ta fitar da iskar da ta wuce wadda take iya shanyewa ba. A shekarar ce kamfanin JBS na Barazil, mafi girma a duniya wajen sarrafa nama, ya ɗauki irin wannan alƙawari zuwa 2040. Amma a Fabrairu 2024 jihar Niyok ta Amurka ta maka shi a kotu, tana zargin ba shi da tsarin cikawa.

Ka ce ina ruwanmu? Ai a Nuwamba 2024 wannan kamfani ya rattaba hannu da gwamnatin Najeriya kan zuba dala biliyan 2.5 don gina masana'antu shida. Idan abin ya tabbata, har makiyayin Gwaram da mahaucin Birnin Kudu sai sun ji a jikinsu, ko ta farashi ko ta ciniki.

Ba cewa muke ka daina cin tsire ba. Naman da ɗan Najeriya ke ci a shekara bai kama ƙafar na Ba'amurke ba. Amma akwai gyara a hannunmu. Saniyar da ta ƙoshi, aka yi mata rigakafi, tana isa yanka da wuri, don haka metan ɗinta kan kowane kilo ya ragu. Kashin tumbin da ake jibgewa a bayan kwata kuwa ana iya mayar da shi gas na girki, ya maye gurbin taya da itace.

Duk ranar da aka zo garinku da maganar sabuwar mayanka, ka tambaya: ina za a kai ƙazantar, da wace wuta za a yi aiki, kuma wa zai auna hayaƙin?