Tattauna Mas'ala a Aji: Tarihin Hanyar Koyarwa

Tattauna mas'ala hanya ce ta koyarwa da ake ɗauko wani lamari da ya auku, a miƙa wa ɗalibai su tsefe shi, su yi gardama, su yanke hukunci, malami na gefe yana saurare. A wasu jami'o'in ma ɗalibi ne ke jan ragamar zaman.

Littattafai kan danganta asalinta ga jami'ar Harvard ta Amurka. A 1870 Christopher Langdell ya zama shugaban tsangayar shari'a, ya daina karanta wa ɗalibai ƙa'idoji, ya sa su karanta hukunce-hukuncen kotu su zaƙulo ƙa'idar da kansu. Da farko ɗalibai da yawa sun ƙaurace wa ajinsa, don ba su saba a tsare su da tambaya ba. Tsangayar kasuwanci ta ɗauki hanyar a shekarun 1920. A 1969 makarantar likitanci ta McMaster a Kanada ta ƙara gaba: ɗalibai kaɗan su zauna da labarin mara lafiya, su tsara wa kansu abin da za su binciko, malami ya zama mai sa ido kawai. Maastricht ta Holan ta bi sahu a 1974.

Amma duk wanda ya yi karatun zaure ya san abin ba baƙo ba ne. Fikihun Malikiyya a kan tambaya da amsa ya ginu, domin Mudawwana kanta tambayoyin Sahnun ne ga Ibn al-Ƙasim. Shaihu al-Magili, wanda ya ratsa ƙasar Abzin zuwa Kano da Katsina a shekarun 1490, ya amsa wa Askiya Muhammadu na Songhai tambayoyi kan matsalolin da ke gabansa. Malam Jibirin ɗan Umaru, malamin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, a Agadas ya karantar.

Dubi darasin gādo. Malam ya jefa mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata biyu da 'ya ɗaya da uwa. Ɗalibai su sunkuya suna zane a ƙasa. Wannan ya ce tumuni na matan ne su raba, wancan ya ba 'yar rabi, uwa sudusi, sai gardama ta kaure a kan saura. Bayan malam ya tashi, babban ɗalibi ya zaunar da ƙannensa muraja'a har dare. Wannan zama na biyu shi ne ainihin abin da jami'o'i suka zo suna nema, kuma a ganina ba a ba shi haƙƙinsa ba a tarihin ilimi.

Makarantar boko a Nijar ta gāji salon Faransa, malami na faɗa ɗalibi na rubutawa. Jami'ar Yamai ta samu a farkon shekarun 1970, ta Agadas kuwa sai 2014. Ga mas'aloli jibge a ƙofar jami'ar Agadas. Kamfanin Somaïr ya fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Kamfanin Cominak ya rufe ramin Akouta da ke kusa da Akokan a Maris 2021 bayan fiye da shekara 40, ya bar tulin dusa mai tururin guba da ma'aikata ba aiki. Wa zai gyara ƙasar, wa zai biya? A Asamaka, baƙin da Aljeriya ke korowa kan taka kusan kilomita 15 a rairayi kafin su iso gari. Ɗalibin shari'a ko na kiwon lafiya da ya jagoranci zama a kan ɗayan waɗannan ba zai manta da darasin ba.

Cutar korona ta rufe makarantu a Maris 2020, karatu ya koma waya. Inda intanet ba ta da ƙarfin ɗaukar bidiyo, ɗalibai sun koma saƙon murya a WhatsApp: ɗaya ya gabatar da mas'ala da safe, amsoshi su riƙa shigowa ɗaya-ɗaya, gwargwadon sabis da cajin kowa.