Ramukan da aka ɗauka aibi ne: tarihin tandar nano

1/ Jama'a, yau a aji malaminmu ya nuna mana hoton fatar alminiyum da aka ƙara girmanta. Wallahi na rantse saƙar zuma ce. Na koma na bi tarihinta, ga abin da na samo. 🧵

2/ A 1923, a Ingila, Bengough da Stuart suka fito da dabarar tsoma alminiyum cikin asid a sa masa lantarki. Sai fata mai tauri ta fito a kansa. Manufarsu kawai su kare sassan jiragen sama masu sauka kan ruwa daga cin gishirin teku.

3/ Amma fatar cike take da ƙananan ramuka. Masana'antu sai su zuba rini a ciki, sannan su toshe su. Rami dai abin toshewa ne a lokacin.

4/ A 1953 Keller, Hunter da Robinson na kamfanin Alcoa suka duba ta da madubin elektron. Suka ga ɗakuna masu kusurwa shida, kowanne da rami a tsakiya. Sai dai jerin a hargitse yake.

5/ A 1995 Masuda da Fukuda a Japan suka nuna cewa in an daɗe ana aikin cikin asid na oksalik a kan bolt 40, ramukan da kansu suke jeruwa, tazararsu kusan nanomita 100. Kaurin gashin kai ya ninka haka sau ɗaruruwa.

6/ Daga baya aka gyara dabarar: a yi fatar farko, a narkar da ita. Gurabun da ta bari a jere su ne za su ja ramukan zagaye na biyu.

7/ Kun san tandar waina? To haka ne. Ka cika ramukan da zinare ko nikel, ka narkar da tandar, ka samu miliyoyin wayoyi sirara, kansu ɗaya. Ƙara bolt, tazara ta ƙaru: kusan nanomita 2.5 kan kowane bolt.

8/ Abin da ya tsaya min a rai: zana irin wannan da injin elektron sai ƙasa mai kuɗi. Nan kuwa asid, lantarki, sanyi da tsabtataccen alminiyum. Shekara 72 ramukan suna nan kafin a gano yadda za su jeru da kansu. Ɗaliban kimiyya, mu daina raina abin da ke gabanmu.