Ƙwaron da ƙaro ya riƙe shekara miliyan 99

Duk wanda ya taɓa ɓantaro ƙaro a jikin dakwara ko bagaruwa ya san akan tarar da tururuwa ko ɗan ƙwaro ya maƙale ciki.

To, a kwarin Hukawng da ke arewacin ƙasar Miyanma, ana haƙo wani ƙaro mai ruwan zuma da ya daskare kamar dutse, shekarunsa kusan miliyan 99. A 2018 masana suka bayyana wani ƙwaro mai taurin baya irin na buzuzu da aka samu cikinsa, bai fi ƙwayar gero ba, ga garin fure a gefensa. Ashe ƙwari na yi wa itatuwa barbara tun zamanin irin manyan dabbobin nan da ake tono ƙasusuwansu a Gadufawa, jihar Agadas!

Sai dai namu ƙaron ba zai iya wannan ajiya ba. Ruwa na narkar da shi, shi ya sa malamai ke jiƙa shi cikin tawada; damina ɗaya ta wanke shi. Mai jurewa shi ne irin ƙaron maje na turare, shi ma sai laka ta binne shi da wuri.